Marubucin Bayan Ritaya: Asalinsa, Ɗabi'unsa da Yadda Yake Yaɗuwa a Nyanya

Marubucin bayan ritaya wani nau'in marubuci ne da yake bayyana bayan ma'aikaci ya cika shekara 60 a duniya ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, kamar yadda ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya ta tanada. Ana samunsa a duk garin da yake da sakatariya, amma ya fi yawa a Nyanya, unguwar da take bakin iyakar Abuja da jihar Nasarawa, inda ƙananan ma'aikata da matsakaita suka daɗe suna fakewa saboda hayar Maitama da Asokoro ba ta mai jiran albashi ba ce. Ana gane shi da tabarau mai igiya, da jakar wani tsohon taron bita, da kuma amsar da yake bayarwa idan aka tambaye shi me yake ciki yanzu. Sai ya gyara zama, ya ce yana ɗan wani rubutu.

Tushen lamarin yana kan hanyar Abuja zuwa Keffi. Ma'aikacin Nyanya yakan fita da an sallame asuba, ya bi ta gadar Karu da tudun Kugbo zuwa AYA, tafiyar da ranar Lahadi take wucewa kafin a gama gaisawa da direba, ranar Litinin kuwa ta cinye safiya ɗungurungum. A cikin wannan gosulo ya ji labarin kishiyoyi, da na masu gidan haya, da na wanda aka ci kuɗinsa a kan filin da ya zama na mutum biyar. Ranar da ya ajiye aiki, jikinsa ba ya samun labari. Yana ci gaba da farkawa ƙarfe huɗu, ya rasa inda zai dosa, sai ya koma duba harkokin kicin, yana tambayar inda aka kai ragowar magi da dalilin da gas ya ƙare da wuri. Galibi a wannan gaɓar ce uwargida take tuna masa cewa shi fa mutum ne mai labarai, ya kamata ya rubuta su. Shi ya sa shafin godiya na irin waɗannan littattafai yake buɗewa da yabon uwargida da ta ƙarfafa gwiwa, kuma yabon gaskiya ne.

Dalili na biyu kuɗi ne. Tun da aka sauya tsarin fansho a 2004, ɗan ritaya ya koyi haƙuri iri-iri. Yana cikin jira sai ya ji cewa kamfanin gas na NLNG yana ba gwarzon adabi dala 100,000, kuma Abubakar Adam Ibrahim ya ci a 2016. A daren nan yakan ɗauki kalkuleta ya juya kuɗin da farashin 'yan canjin Zone 4, ya sayi fili a Kuje, ya biya wa uwargida Makka, ya aurar da 'yar auta, duka kafin ya rubuta layin farko. Daga baya yake gano cewa da Turanci ake shiga gasar. Ita kuma Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla, abin da yake sa wasu su yi shiru suna kallon uwargida da wani irin tunani.

Ta fuskar shekaru, tarihi yana bayansa, kuma ya haddace hujjojin. Daniel Defoe na Ingila yana dab da 60 ya fitar da Robinson Crusoe a 1719. Raymond Chandler na Amurka sai da kamfanin mai ya sallame shi daga aiki, kuma ya kai 50 kafin littafinsa na farko ya fito a 1939. A gida ma, gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haɗa Abubakar Imam, yana ɗan shekara 22 da Ruwan Bagaja, da yayansa Malam Bello Kagara mai Ganɗoki, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba. Abin da ba ya shiga cikin hujjojin shi ne waɗancan mutanen makaranta ne. Namu kuwa littafin labari na ƙarshe da ya karanta shi ne Magana Jari Ce a firamare, daga nan sai sakula da takardar ƙarin girma. Sai dai ba za a ce bai taɓa ƙaga labari ba. Duk wanda ya rubuta rahoton taron bita na kwana biyar a Kaduna alhali ya dawo a rana ta biyu, har da rasidin otal, ya san yadda ake tsara abin da bai faru ba ya zauna daram.

Matsalar tana fitowa ne a salo. Hannun da ya yi shekara 35 yana rubutu a gefen fayil ba ya sakewa cikin dare ɗaya. Saurayi a littafinsa yakan fara wasiƙar soyayya da cewa an umarce shi ya sanar da budurwa, ya jero dalilansa sakin layi na ɗaya da na biyu da na uku, ya rufe da roƙon a duba a amince. Tauraron labarin kusan kullum mataimakin darakta ne mai gaskiya, wanda ya ƙi cin hanci sau da dama aka danne masa girma. Mugun kuwa darakta ne, kuma harafi ɗaya ne ya raba sunansa da na wani darakta da kowa a tsohuwar ma'aikatar ya sani. Matar tauraro ba ta da aiki a littafin sai kawo abinci da cewa haka ne, maigida. Kowane babi yana ƙarewa da darussa da tambayoyin bita, don an ji cewa littafin da ya shiga manhajar WAEC ko NECO ya gama da talauci. Labaran gosulo kuwa, waɗanda su ne dukiyar da Nyanya ta ba shi kyauta, ba ya taɓa su, don a ganinsa hirar mota ba adabi ba ce.

Yana raina littattafan soyayya, duk da cewa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da littattafan Balaraba Ramat Yakubu sun samu abin da shi yake nema, wato masu karatu. Ya fi raina 'yan matan da suke rubutu a waya suna sakin shafi-shafi a WhatsApp, kodayake 'yarsa ta cikinsa ba ta barci sai ta ga shafin gobe. Akwai jinsin mata na wannan marubuci, tsofaffin hedimistires da nas-nas, kuma sau da yawa sun fi iya rubutu don sun fi sauraron mutane. Su nasu ciwon ɓoye littafin ne a ƙasan akwati.

Bugun rubutu ana yinsa a shagon kwamfuta, inda ƙugiyar haruffan Hausa take salwanta gaba ɗaya. Edita ba ya cikin tsarin, domin duk wanda ya ce a cire sakin layi ɗaya ya shiga sahun 'yan hassada. Daga nan sai maɗaba'a, da lambar ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, wanda doka ta ce a ajiye masa kwafi uku. Waɗannan ukun su ne suke barin gidan ba tare da an roƙi kowa ba.

Ƙaddamarwa ita ce ƙololuwar sana'ar, kuma a wurin wasu ita ce sana'ar. Ana kama ɗakin taro, a buga kati mai ruwan zinariya ɗauke da uban taro, da shugaban taro, da babban mai ƙaddamarwa, da mataimakansa, da masu masauƙin baƙi, har sunan marubucin ya rasa wurin zama sai can ƙasa. Mai sharhi yakan karanta bayan bango a mota, ya tashi ya ce littafin ya zo a kan gaɓa. Babban mai ƙaddamarwa ba ya zuwa, yana turo wakili, wanda yake isowa a makare ya ɗora laifin a kan gosulo, uzurin da ba mai iya ƙaryatawa a Nyanya. Wakilin yakan sanar da cewa maigidansa ya sayi kwafi biyu a kan kuɗin da ba za a bayyana ba, a yi tafi, kuma lallai ba a taɓa bayyana su ba. Sauran manyan baƙi su yi alƙawari a lasifika, a rubuta a takarda, a raba lemo da shinkafa a roba.

Makon da ya biyo baya marubucin yana komawa tsohuwar hanyarsa da asuba, da takardar alƙawura a jaka. A ofis na farko a ce masa oga ya shiga mitin, a na biyu a ce oga ya yi tafiya, a na uku a ce ya ajiye takarda ya dawo gobe. Ya san kowace jimla a cikinsu, domin shi ma da su ya yi aiki. A tsakanin nan yakan buga sabon katin suna da kalmar marubuci, ya nemi shiga Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafa ta a 1981. Da ya ji ƙungiyar tana da ƙauyen marubuta na Mamman Vatsa a Mpape, tambayarsa ta farko ita ce ko ana ba mambobi fuloti.

Ragowar littattafan suna zama a kwali ƙarƙashin gado, suna fita kaɗan-kaɗan a matsayin tsarabar biki da suna, kuma duk surukin da ya zo gaisuwa sai ya tafi da guda, a zuwansa na gaba a tambaye shi babin da ya fi burge shi. Cikin shekara ɗaya ko biyu ake fara littafi na biyu. Tauraronsa dattijon marubuci ne mai gaskiya, mugun kuma wani babban mutum ne da yake yin alƙawari a bainar jama'a, kuma shi ɗin ne ake sake gayyata ya ƙaddamar.