Gizo da Ƙarangiyar Kasuwa

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Akwai wata kasuwa a tsakiyar dawa wadda ba ta tashi, dare da rana tana ci. Masu rumfuna suna da al'ada: duk wanda ya yi ciniki a wurinsu sai su ɗaura masa zare a ƙafa. In ya dawo, da ganin zaren sun shaida shi, sun tuna mudun da yake so da ajiyar da ya bari. Ba mai gane zare sai wanda ya ɗaura shi.

Gizo ba ya noma, ba ya fatauci. Ya sa Ƙoƙi ta saƙa tabarmi tuli, ya bi rumfa-rumfa yana rabawa. "Kyauta ce, yanka ya daɗe, baƙinka su zauna su huta." Har ɗan abin goro yake ɗorawa a kai. Masu rumfuna suka karɓa da hannu biyu. Ashe kowace tabarma cike take da ƙarangiya, kowace ƙarangiya da shaidarta, a ƙarƙashi kuma ɗan Gizo guda a laɓe.

Ran nan Tunkiya ta zauna a rumfar Kunkuru mai magani, ta tambayi maganin ciwon ƙafa. Ƙarangiya ta maƙale mata a gashi. Ta wuce wurin Akuya ta ci bashin dusa, ta tsaya wurin Jaki ta tambayi hanyar rafi mafi kusa. Duk inda ta zauna sai ɗan Gizo ya leƙo ya duba shaidar. Da magariba 'ya'yan suka kawo rahoto, Gizo ya harhaɗa: mai wannan ƙarangiya ƙafarta na ciwo, hannunta ya bushe, kuma ita kaɗai take zuwa rafi. Bai san sunanta ba, bai kuma buƙaci saninsa ba. Kafin gari ya waye ya sayar wa dillalai da labarin.

Tunkiya na shiga kasuwa Biri ya tare ta: "Hajiya, ga man zafi mai kyau!" Hankaka ya ce, "Ko rance kike nema?" Ta riƙe baki, don ba ta taɓa magana da su ba. Da la'asar kuwa, a hanyar rafi, sai ga Kura zaune tana jira. Ita ma ta biya kuɗinta ta sayi labarin. Da ƙyar Tunkiya ta sha.

Ta garzaya wurin Dila, malamin dawa. "Allah gafarta malam, ko sammu aka yi mini?" Dila ya ɗauko mataji ya taje ta, ƙarangiya ta cika ƙwarya. Ranta ya ɓaci, ta ce a tsinke har zarurrukan. Dila ya ce, "Tsinkewa ba wuya, baiwar Allah, amma gobe sai kin gabatar da kanki a kowace rumfa."

Haka kuwa aka yi. Kunkuru ya dube ta kamar baƙuwa, sai da ta faɗi sunanta da na gidansu. Kafin azahar kuma gashi ya sake cika, don ta koma kan tabarmin nan.

Dila ya ce, "Kin cire ta jiya, ba ki tare ta gobe ba. Riƙa zuwa da 'yar kujerarki. Zaren mai rumfa ki bar shi, tabarmar Gizo ce ba za ki hau ba." Ta bi shawara, sauran dabbobi suka gani suka kwaikwaya, cinikin Gizo ya fara ja da baya.

Magana ta kai fada. Zaki ya sa aka yi shela: kada a maƙala wa kowa ƙarangiya sai da yardarsa. Gizo ya faɗi ya yi gaisuwa: "Na ji, na bi, sayki." Sai ya gina wa kowace rumfa ƙofa biyu. Ta "Na yarda" faffaɗa, a bakin hanya. Ta "Ban yarda ba" ƙarama, can bayan juji, sai an rarrafa. Mai gaggawa ina zai tsaya rarrafe? Zaki ya ci shi tara mai nauyi. Gizo ya biya, ya koma gida ya fara koya wa 'ya'yansa karanta sawu, don kowane kofato da irin tsagarsa.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.

Mai karatu, kasuwar nan intanet ce. Zare da ƙarangiya duka ana kiransu kukis, 'yan ƙananan bayanai da shafi ke ajiyewa a burauzarka. Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro su a 1994 don shafi ya riƙa tuna mai ziyara. Ƙarangiyar ita ce wadda kamfanonin talla ke dasawa ta cikin shafukan wasu, su bi ka daga wannan zuwa wancan. Ƙofar bayan juji ma ba ƙage ba ce: a farkon 2022 hukumar kare bayanai ta Faransa ta sanar da cin tarar Google Yuro miliyan 150, Facebook kuma miliyan 60, saboda ƙin yarda ya fi yarda wahala a shafukansu. Karatun sawu kuwa shi ne gane na'urarka ta girman fuskarta da harshenta da irin haruffan da ke cikinta, ko da babu kukis.

Firefox tun 2019 take tare kukis masu bin diddigi da kanta, Safari kuma ta rufe ƙofa ga na wasu kamfanoni gaba ɗaya a 2020. Google ya yi alkawarin haka ga Chrome a 2020, ya janye a 2024. In Chrome ce a wayarka, shiga saiti yau, ka nemi sashen sirri da tsaro, ka goge tsofaffin kukis, sannan ka toshe na wasu kamfanoni. Tanadi kalmomin sirrinka kafin ka goge, don shafukan za su nemi ka sake shiga.