Bawana Ya Tafi Shara

Taubashi, ina gaishe ka gaisuwar ubangida ga bawansa, wato daga zaune. Labarinka ya iske ni ranar Juma'a a bakin Hubbare, bayan an sauko daga Masallacin Shehu, kuma ba a bakin maƙiyi na ji ba. Gwaggo ce da kanta ta tare ni, baki har kunne, wai ɗanta ya samu jami'a, zai karanci kwamfuta. Na ce barka, Gwaggo, aji nawa aka ba shi? Ta ce, "Awo, sun ce sai ya hwara yin shara tukuna." Wallahi sai da na dafa bango don kada dariya ta kayar da ni a gaban baƙin Shehu.

Ka tuna, tun muna sa gajeren wando, duk watan cika-ciki kai ne na farko a ƙofar zaurenmu, hannu a miƙe, kana neman kuɗin shara. Al'ada ta ce ɗan mace bawan ɗan namiji ne, ya yi shara a sallame shi. Kai kuwa ka raba al'adar biyu, ka riƙe wajen karɓa, ka jefar da wajen tsintsiya. Ban taɓa ganin ka kawar da ko karan dawa daga tsakar gidanmu ba. To ga shi Allah ya saka mini ta hannun Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo: shekara guda cur za ka yi kana sharar fage, kuma wannan karon mai shara ne zai biya.

Abin da ya fi ba ni daɗi shi ne sunan da ka raɗa wa kanka. Shekara nawa ke nan kana zaune a rumfar cajin waya kusa da Hubbare ana ce maka Injiniya? Na ga injiniyancin da idona. Wani dattijo ya taso tun daga Tawa ta Nijar don ziyara, wayarsa ta ƙi kamawa, ya kawo maka. Ka karɓa da hannu biyu, ka juya ta, ka yi tsaki irin na likitan da ya ga ciwo ya yi nisa. Ka zare batir, ka hura masa iska, ka goga shi a wandonka, ka mayar. Waya ta kama. Ka ce wa bawan Allah ka yi mata saiti, ya ba da ɗari biyu har yana sa maka albarka. Ragowar ilimin naka shi ne tura karatun Alƙur'ani da wa'azi cikin memori, da buɗe wa zawarawan unguwa shafin Facebook, sannan ka manta lambar sirrin da ka sa musu.

Da wannan guzurin ka tunkari JAMB. Tun 2015 hukumar ta daina jarrabawar takarda da fensir ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, sai ka riƙa yawo kana cewa an kawo yaƙi har gidanka. Amma abin da ake taɓawa a ɗakin nan bai wuce madannai takwas ba: A, B, C da D na zaɓen amsa, sai na gaba da na baya, da biyun miƙa aiki ko fasawa. Ko Gwaggo aka nuna wa sau biyu za ta iya. Matsalar tana kan allon: tambaya 180 cikin awa biyu, Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri, ba wadda ake hura wa iska ta kama. Ba zan faɗi makinka ba, albarkacin Gwaggo. Abin da kawai zan ce, a 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince jami'a ta karɓa shi ne 150 cikin 400, kuma da kuɗi ne naka, da sai ka ci bashi kafin ka cika.

Na ji kuma kana gaya wa 'yan majalisar hirarku wai da ka gama sharar nan aji biyu za ka faɗa kai tsaye. Tsaya in raba maka aya da tsakuwa, tunda aikin ubangida ne. Hanyar da ke kai mutum aji biyu ita ce IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke gudanarwa tun 1976, ko ƙanwarta JUPEB da ta taso daga Legas. Can darussa uku ake yi masu zurfi, a ci su da kyau, sannan a tsallake aji ɗaya. Naka kuwa matirik ne, kamar dai abin da ake yi a makarantar sharar fage ta Funtuwa: a sake toya maka lissafi da Turanci da kimiyyar sakandare da ka bari ɗanye, ka sake zama JAMB, in an dace a buɗe maka ƙofar aji ɗaya. Digirin shekara huɗu ya zama biyar, in malaman jami'a ba su tafi yajin aiki irin na 2022 ba, wanda ya ci wata takwas. Kada ka ji kunya dai, har a Ingila ana yin haka, wanda bai cika sharaɗi ba ya ƙara shekarar share fage, digirinsa na shekara uku ya koma huɗu. Bambancin, su suna yi a cikin sanyi, kai za ka yi a zafin Sakkwato na watan Afirilu, lokacin da ko kwamfutar sai an yi mata fifita.

Yanzu ga inda nake tausaya maka, ɗan kaɗan. Kai a zatonka karatun kwamfuta shi ne a zaunar da kai a ɗaki mai na'urar sanyi kana latse-latse. Ka tambayi waɗanda suka riga ka: a da can fannin kwamfuta ya daɗe a jami'ar nan yana zaune a cikin sashen lissafi, kamar ɗan riƙo a gidan kawunsa. Lissafin nan da kake tsallake taga in malaminsa ya shigo aji, shi ne maigidan. Kwamfuta ba ta san komai ba sai sifili da ɗaya, akwai wuta ko babu wuta, abin da kowane Basakkwace ya ƙware a kai tun yana goye. Da su biyun take ƙirga duniya. Ɗaya 1 ne, biyu 10, uku 11, huɗu 100, goma sha uku 1101, wato takwas da huɗu da ɗaya. Don haka ranar da ka ga 110010 a takardarka kada ka ruga ka ce wa Gwaggo arziki ya sauka. Hamsin ɗinka ce ta cajin waya ta canza riga.

Kuma za su ce ka koyi wani yare wai shi Python, wanda wani mutumin Holan, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Ma'anar sunan mesa. Kai da na sani, wanda tsaka ta faɗo masa a ɗaki ya kwana a zaure. A yaren nan ka ɗan goce wajen jera layi, ko ka manta ɗigo biyu, aiki ya tsaya cak, kuma ba a ba shi haƙuri, ba a ce masa don girman Shehu.

Za ka ji suna ta ambaton algoridim, ka ɗauka wani aljanin Turawa ne. Sunan malami ne Musulmi, Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma daga sunan littafinsa aka samo kalmar aljabara da ke sa ka ciwon kai. Nufinsa kawai shi ne tsara aiki daki-daki, yadda ko wawa ya bi zai isa, shi ya sa nake da kyakkyawan zato a kanka. Mu ma nan ƙasar ba a bar mu a baya ba. Malam Muhammadu Alkatsinawi, Bafulatanin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin cika hatimi, yadda za a jera lambobi a gidaje kowane layi ya ba da jimla ɗaya. Ga aikin gida na ba ka kafin lakcara ya ba ka nasa: zana gida tara, ka zuba 1 zuwa 9, kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, ya tashi 15. Na taimake ka da guda, biyar ce a tsakiya. In ya gagare ka, akwai tsofaffin malamai a Gidaɗawa da za su cika maka shi da alƙalamin kara kafin shayinka ya huce, ba su kuma taɓa ce wa kansu Injiniya ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ka yi ta ɓoye maganar sharar nan har sai da Gwaggo ta fasa ƙwai. Kai da ka tashi a Hubbare! Wane gardi ka taɓa gani an ɗora masa Baƙara ranar da ya zo? Da babbaƙu ake farawa, a yi farfaru, a wanke allo sau ba adadi. Shehun da ke kwance a nan tun 1817 har Agadas ya bi Malam Jibrilu neman karatu, jami'ar da za ka shiga kuma, da aka kafa a 1975, sunansa aka mayar mata a 1988. Abin dariyar kawai shi ne kai za ka koma babbaƙu da gemu, kana zaune benci ɗaya da yaran da ka tura wa wasan ƙwallo a waya bara. In sun ce maka Baba, ka amsa.

Sai maganar hanya. Daga Hubbare zuwa mazaunin jami'a na dindindin sai an ƙetare gulbi, kuma ka san gadar nan ce ambaliyar 2010 ta tafi da ita har aka sha wahalar zagaye. Ni ba ruwan nake ji maka ba, masu suyar kifin Kwalkwalawa nake ji maka. Na san ka da kifi. Kada Gwaggo ta sayar da tunkiyarta ta biya kuɗin makaranta, ɗan kabu-kabu ya riƙa sauke ka a wurin masu suya, shekara ta ƙare kana da digiri a ƙayar tarwaɗa.

Watan cika-ciki na tafe. Bana ba hannu za ka miƙo mini ba, takardar sakamako za ka kawo, in duba lissafi da idona, in na ga abin kirki in ba ka kuɗin shararka, karo na farko da ka ci su da guminka. Ka taho da tsintsiya duk da haka, zauren yana nan yadda ka bar shi. Kuma ka biyo da wayata da na ba ka gyara tun kafin azumi, wadda ka ce saura ka yi mata saiti.