Taron Tsofaffin Ɗalibai: Kowa da Bencinsa

Kwana biyu bayan Sallah da makon ƙarshe na Disamba su ne kakar taron tsofaffin ɗalibai a garuruwan Arewa. Akan kafa rumfuna a filin ƙwallon wata tsohuwar makarantar kwana, a jera fararen kujerun roba, a hayo janareto saboda lasifika. Can sai ga motoci suna shigowa ta ƙofar da masu su suka sha haura katangar gefenta shekaru arba'in baya. Dattawa masu furfura da hawan jini su fito suna ƙwala wa juna kira da sunayen da ko matansu ba su taɓa ji ba: Ɓera, Tukunya, Ɗan Indiya. Kowa yana tafe da matsayi biyu, wanda makaranta ta ba shi da wanda duniya ta ba shi daga baya, kuma ba kasafai biyun suke jituwa ba.

Wanda ya fi kowa ƙanƙame matsayin farko shi ne Sinya. Aji ɗaya tak ya ba sauran, amma wannan tazarar ta fi masa digirin kowa nauyi. Yanzu ya yi ritaya, gwiwa ta fara ciwo, sai dai muryar nan da yake tara yara da ita su yi masa wanki da guga tana nan daram. Zai dubi babban sakataren ma'aikata, mutumin da daraktoci ke rusuna wa, ya ce, "Kai yaro, miƙo min ruwan nan." Abin mamakin kuwa, sakataren zai miƙe ya kawo, har da cewa "Ga shi, Sinya." Hannu ya riga ya saba tun zamanin ɗebo ruwa a bokiti kafin asuba.

A Kwalejin Barewa wannan al'ada har lissafi gare ta. An kafa makarantar a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta zauna a Zariya a 1949, ta sami sunan Barewa a 1971, kuma duk wannan yawon bai katse jerin lambobin da ake ba ɗalibai ranar shiga ba. Ahmadu Bello shi ne na 87, Abubakar Tafawa Balewa na 145. Har yau tsofaffin ɗalibanta kan liƙa lambarsu a jikin sunansu, ta yadda ba a buƙatar gardama a kan wane ne gaba: mai ƙaramar lamba shi ne babba, ko da mai babbar lamba ya zo da jiniya. A sauran makarantu kuma akwai wata katangar. Waɗanda suka yi fom ɗaya zuwa fom biyar suna yi wa waɗanda suka zo bayan tsarin 6-3-3-4 na 1982 kallon yara, alhali yaran nan wasunsu sun aurar da 'ya'ya.

Kusa da Sinya akan sami Mai Kewar Da. Bakinsa ba ya rabo da "a zamaninmu". Gaskiya yana da abin faɗa: a shekarun 1970 gwamnatocin jihohin Arewa na ba ɗalibin makarantar kwana kayan sawa da littattafai da sabulu, har da kuɗin motar komawa gida idan an yi hutu. Sai dai shi ba ya tsayawa a nan. A bakinsa kullum kaza ake ci, shayi da madara har ana zubarwa, kuma ilimi ya mutu ne tun ranar da aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta na UPE a 1976. Ya manta da gabza, tuwon nan da ake yankawa da murfin kwano. Ya manta da miyar kuka tsululu, da waken da sai an tsame ƙwarin da ke iyo a kai kafin a kai loma, da daren da garin kwaki da ƙuli-ƙuli suka ceci rai. Ya kuma manta cewa shi ne ya ja gaba ranar da aka yi boren abinci aka farfasa tagogin ɗakin cin abinci. Idan aka tuna masa, sai ya ce ai ko boren wancan lokaci ya fi na yanzu tarbiyya.

Daga nan sai mutum biyu da ba a raba labarinsu, domin kusan kowane aji yana da su.

Na farko shi ne Daƙiƙin Aji. Bencin baya ne mazauninsa, kuma da sakamakon WAEC ya fito F9 ce ta jeru masa daga sama har ƙasa. Ya bi wani kawunsa Kantin Kwari yana ɗaukar dila, ya koyi atamfa da shadda, ya buɗe shago, ya fara zuwa Dubai da Sin. Yau shi ne Alhaji. Shi ya biya kuɗin rumfa da abinci, shi ya kawo saniyar da aka yanka. Idan aka ba shi lasifika ba ya wuce minti biyu: "Ni dai kun san ba na jin Turanci, amma na ba da miliyan biyu." Tafi ya ɓarke. Malamin Turancin da ya taɓa ce masa ba zai tsinana komai ba a duniya yana cikin masu tafin, kuma nasa ya fi ƙara.

Na biyu shi ne Haziƙin Aji, wanda bai taɓa sauka daga na ɗaya ba, wanda ajin gaba ɗaya ya rayu da kwafar aikinsa na lissafi. Ya zama malamin jami'a. Ya iso da tsohuwar Fijo haɗin Kaduna, ya ajiye ta can nesa a gindin dalbejiya, inda akwai ɗan gangare ko da za ta buƙaci turi. Yajin aikin ASUU na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas ba albashi, ya bar masa bashin da har yanzu yake biya. Shi ake ba rubuta jawabin maraba da gyara kundin tsarin ƙungiya, shi ne kuma yake gyara wa mai gabatarwa nahawu a hankali daga inda yake zaune. Tsakaninsa da Alhaji akwai ladabi mai yawa, irin wanda ya wuce ƙima. Alhaji na kiransa Farfesa tun kafin ya kai, shi kuma yana kiran Alhaji "ranka ya daɗe" da wata murya da ba a gane ko girmamawa ce ko tsokana. Bayan an watse akan ga su biyun a jikin motar Alhaji suna magana ƙasa-ƙasa. Wani lokaci rance ake nema, wani lokaci kuma gurbin karatu ne ga ɗan Alhaji da makin JAMB ɗinsa bai kai ba.

Babban Baƙo ba ya zuwa sai an yi azahar, ko da katin gayyata ya ce ƙarfe goma. Ana jin jiniya sai jawabi ya tsaya, mai addu'a ma ya taƙaita. Zai rungumi kowa yana cewa "mutumina, kwana da yawa", domin bai tuna sunan kowa ba. Zai zagaya azuzuwan da rufinsu ya yaye, ya girgiza kai, ya yi alkawarin katanga da rijiyar burtsatse da ɗakin kwamfuta. Alkawarin nan kamar hadarin ƙarshen damina yake, ga rugugi ga walƙiya, ba ɗigon ruwa. Baɗi sakatare zai karanto shi a jerin "abubuwan da ake bibiya".

Duk da haka ba a fasa gayyatarsa, saboda mutane sun yi imani cewa ɗan aji a kan mulki jari ne. Akan kafa hujja da sakandaren Bida, inda aji guda ya fitar da shugabannin ƙasa biyu, Ibrahim Babangida da Abdulsalami Abubakar. Masu kawo wannan misali kan tsallake cewa Mamman Vatsa ma ɗan ajin ne, kuma gwamnatin abokin karatunsa ce ta harbe shi a watan Maris na 1986 bisa zargin yunƙurin juyin mulki. Wannan ba labarin da ake so a ji ba ne ana tsakiyar rabon shinkafa.

Inda Babban Baƙo ya sa ƙafa, nan Mai Ambulan yake sa tasa. Shi bai zo don tuna baya ba. A aljihun babbar rigarsa akwai takardun ɗansa da ya gama bautar ƙasa shekara huɗu ke nan yana zaune. Ya san dogarai ba za su bar shi ya matsa ba, don haka yakan yi kwanto a wajen alwala ko a bakin ƙofar mota. "Yallaɓai, ɗanka ne, ga 'yan takardunsa." Yallaɓai ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa wa na bayansa, na baya ya miƙa wa direba.

Akwai kuma Ustaz. A da shi ne sarkin haura katanga, wanda ya san jadawalin finafinan Indiya na silimar Plaza da Marhaba fiye da jadawalin darasi, kuma shi ya koya wa rabin ɗakin kwana busa sigari a bayan banɗaki. Yanzu gemu ya sauka har ƙirji, shi ke buɗe taro da addu'a, shi ke tsawatarwa idan hira ta fara karkata. Da wani ya ce, "Ka tuna daren da maigadi ya kama mu?" sai ya ɗaga hannu: "A'uzu billahi, Allah ya yafe mana zamanin jahiliyya." Jahiliyyar nan a 1984 aka yi ta, kuma akwai shaidu fiye da goma a wurin.

Taron tsofaffin 'yan makarantar mata ya fi tsari nesa ba kusa ba. An fitar da anko tun wata biyu kafin ranar, an yi rigima a kan kalarsa, an shirya. Matsalar farko ita ce suna, domin wadda aka sani da sunan yanka da na mahaifinta yanzu ta zama Hajiya ko Maman Wane, sai an haɗa da laƙabin ɗakin kwana kafin a gane ta. Nan ma akwai iri-iri. Ga 'Yar Kasuwa, wadda jakarta ke cike da turaren wuta da humra da mayafai, "ki ɗauka kawai, ƙawata, sai ƙarshen wata". Ga Mai Haɗa Aure, da ke tambayar kowa shekarun 'ya'yanta tana lissafi a zuci. Ga kuma wadda aka cire daga aji uku aka yi mata aure, ta dawo da jikoki da takardar digirin da ta yi bayan ta haifi na shida, tana neman wanda zai ce mata wani abu.

Malamai su ake zaunarwa a sahun gaba, kuma su ma kashi-kashi ne. Akwai Mai Bulala, wanda ya sa ɗaruruwan yara tsallen kwaɗo da kamun kunne da sharar fili da langa-langa, amma bai tuna ko ɗaya ba. Manyan mutane za su durƙusa gabansa suna cewa, "Malam, ba don dukan nan naka ba da ban zama mutum ba," shi kuwa yana murmushi yana sa albarka, a ransa yana tambayar ko wane ne wannan. Akwai Malam Na-Faɗa, wanda ya hango ɗaukakar duk wanda ya ɗaukaka: "Tun yana fom ɗaya na ce yaron nan zai yi nisa." Katin sakamakon da ya sa wa hannu da jan biro ya faɗi wani abu dabam. Sannan akwai waɗanda kujerunsu ba kowa sai labari: Indiyawa da 'yan Pakistan da suka riƙe darussan kimiyya da lissafi, da 'yan Ghana da wasunsu suka tafi a korar baƙi ta 1983. Kusan kowane aji yana da gwanin kwaikwayon muryarsu, kuma shi ake ba fili idan taro ya fara gundura. Malaman da suka samu zuwa akan sallame su da shadda da 'yar ambulan, wadda a wurin mai jiran fansho ta fi lambar yabon katakon da aka haɗa masa da ita amfani.

Wanda ya fi kowa ƙaunar makarantar kuwa shi ne Korarre. A fom uku aka sallame shi, kan laifin da har yau kowa da irin yadda yake ba da labarinsa. Bai zana jarrabawar fita a nan ba, babu sunansa a kundin waɗanda suka gama. Amma shi ne farkon zuwa, shi ke jera kujeru, shi ya san wanda ya rasu da wanda ke kwance a asibiti da wanda ya ƙaura Abuja. Shi ke bin mutane gida-gida karɓar kuɗin karo-karo idan za a je ta'aziyya, kuma nasa kuɗin wata bai taɓa makara ba. Taken makaranta ma shi kaɗai ya riƙe baitinsa na biyu.

Rigima kan tashi ne ranar zaɓe, idan wani ya tsayar da shi ma'aji. Haziƙin Aji zai buɗe kundi ya karanto sashen da ya ce ɗan ƙungiya shi ne wanda ya kammala. Alhaji zai ce in dai takarda ce ma'auni, to shi ma a cire shi, a kuma mayar masa da saniyarsa. Ustaz zai nemi a yi sulhu. A ƙarshe sai a kafa kwamitin mutum biyar ƙarƙashin Sinya, a ce ya kawo rahoto a taro na gaba. Taron na gaba kuwa Korarre ne zai kira shi, domin lambobin wayar kowa a hannunsa suke.