Masu Dafa Git da Hannunsu

Tun da Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005 ake samun mutanen da ba sa cin dafaffe. Ga manhajar a shirye, umarni ɗaya ya isa a girka ta, amma sai sun kwaso ɗanyen tushenta sun ɗora tukunya da kansu. Na zauna da su, na ga iri-iri.

Na farko Sarkin Gaggawa. Ga fayil mai suna INSTALL da manyan baƙaƙe, ko kallo bai ishe shi ba. Yana buga make, sai kwamfuta ta ce babu zlib. Ya nemo zlib, ta ce ina curl? Ya kawo curl, ta tambayi expat. Haka zai wuni yana zarya kamar yaron da aka aika cefane ana tuna masa kayan miya ɗaya bayan ɗaya.

Sai Mai Toshe Baki. Shi ba ya zuwa cefane. Duk abin da aka ce babu, sai ya ce a dafa haka nan: NO_CURL, NO_EXPAT, NO_GETTEXT. Girki ya kammala lafiya lau, har da tafi. Washegari ya je ɗauko aiki daga GitHub ta https, Git ɗinsa ta ce ba ta san hanyar ba. Ya ƙera mota ba taya.

Akwai Alhaji Sudo, wanda ko gaisuwa zai yi sai ya fara da sudo. Bayan mako guda fayilolin ɗakinsa sun koma mallakar root, shi mai gidan sai ya nemi izini kafin ya taɓa kayansa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Malam Ina Take. Ya karanta komai, ya bi ƙa'ida, ya girka. Ya buga git --version, sai tsohuwar Git ɗin da ke kwamfutar tun da farko ta amsa sallama. Sabuwar na can cikin foldar bin ta gidansa, inda make install ke ajiye ta idan ba a faɗa masa wani wuri ba, PATH kuwa bai san da zamanta ba. Sau uku yana sake girkin.

Na ƙarshe Dattijo, mai shan shayi a gefe, yana tambaya a hankali: "Wai me tsohuwar ta kasa yi muku?" Ba mai amsa masa. Ni ma na sunkuyar da kai, don tukunyata na kan wuta.