Masu Sabon Lambu a Araba

Da iskar hunturu ta fara kaɗawa, wajen watan Nuwamba, akwai wata lalura da ke kama wasu magidanta a Araba. Mutum zai je Kalmalo ta'aziyya, ya ga bakin tafki ya yi kore shar da albasa da tumatir, ko ya shiga kasuwar Illela ranar Lahadi ya ji kuɗin kayan miya, sai ya dawo gida ya tsaya a wani lungu yana auna ƙasa da taku. Uwargida tana gani daga bakin murhu ta san abin da ya taso. Lambu za a yi.

Ba laifi ba ne, sai dai Araba ba Kalmalo ba ce. Can ruwan kwarin Maggiya ne ke gangarowa daga Nijar ya kwanta musu. Nan kuwa tsakar gida ce, ƙasa rairayi, ruwan sama na wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, sauran shekara sai rijiya da jarka. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 ba tare da ya nemi izinin kowa ba. A cikin wannan hali ne sababbin masu lambu suke nuna halinsu, kowa da irin nasa.

Wanda ya fi yawa a zamanin nan shi ne ɗan waya. Malaminsa wani Bature ne a YouTube, mai hular ulu da takalmin roba, wanda ke durƙusawa a bayan gidansa a Ingila cikin watan Maris yana murnar sanyi ya wuce, lokacin shuka furanni ya zo. Ɗan waya bai tsaya tambayar ko sanyin wa ya wuce ba. Shi ma a Maris ya aika direba Sakkwato ya sayo masa ƙwayar iri cikin 'yar takarda mai hoton wardi, ya samo tukwanen roba, ya jera su a inda rana ta fi dukan gida, don Baturen ya ce fure yana son rana awa shida. Awa shida na ranar Araba a bazara ko jaki ba ya tsaya mata. Kwana kaɗan tukwanen suka zama abin gasa gyaɗa.

Abin da bai sani ba, kowane yaro mai ban ruwa a fadama ya sani. Lokacinmu a juye yake da nasu. Masu tumatir suna yafa iri a Oktoba ko Nuwamba, su dasa, su tsinka cikin sanyi, domin da zafi ya wuce digiri 35 tumatir zubar da furensa yake yi, ya bar ka da ganye. Latas da kabeji da karas duk 'yan sanyi ne. Idan kuwa damina ake so, ga guro, ga sure, ga rama, ga lalo, su ne 'yan gida. Wani dattijo ya gwada faɗa masa haka.

"Baba, ai ilimi ya ci gaba. Baturen ya ce yanzu ne lokaci."

"To, ɗana. Shi Baturen wanga, ruwan garuwa shika saye?"

Ɗan waya ya yi murmushin tausayin tsoho, ya koma ya ƙara data.

Ƙaninsa a wannan sana'a shi ne mai tono. Ya shuka da la'asar, da asuba ya fito da tocila. Kwana biyu shiru, sai ya sa yatsa ya tono ƙwayar ya duba lafiyarta, ya mayar, gobe ya sake. Guro yakan yi kusan mako kafin ya leƙo, ya fi sauri idan an jiƙa shi ya kwana, amma babu irin da ke tsira ana yi masa ziyara kullum. A ƙarshe mai iri ne ke shan zagi.

Sai Hajiya mai tausayi, wadda take kashe shuka da ƙauna. Ba ta iya ganin ƙasa ta bushe. Kowace salla da ban ruwanta, har da nafila. Ta shuka na'a-na'a da ɗaɗɗoya a tsohon bokitin fenti, ba ta huda gindinsa ba, don a ganinta asarar ruwa ce. Saiwa ta zauna cikin taɓo ta rasa iska ta fara ruɓewa, ganye ya yi rawaya ya langaɓe. Hajiya ta duba ta ce, "Wayyo, ƙishirwa!" ta ƙara buta biyu. Maigidanta kuma ta wajen taki yake nuna tasa soyayyar. Ya ji an ce yuriya tana sa kore, sai ya cika tafi ya zuba a gindin tsiro ɗan kwana goma, ya bi da kamfa, ya rufe da ɗanyen kashin kaji da aka share da safen nan. Taki sai ya kwana biyu a juji ya huce kafin ya zama abinci, ɗanyensa wuta ne. Washegari suka tsaya a kan gawar, ita tana cewa takinsa ne, shi yana cewa ruwanta ne, kuma duk su biyun gaskiya suke faɗa. Wanda ya ci riba a gidan shi ne mai kurar ruwa, wanda yake sauke jarkoki masu lita 25 safe da yamma. Da a ce an yi lissafi, da kuɗin ruwan nan ya sayi kwandon tumatir har da na dako. Ba a yi ba, don zaman lafiya.

Alhaji mai sabon gini shi ba ruwansa da miya. Ya je Abuja ya ga yadda ake jera furanni a ƙofar manyan gidaje, ya tsaya bakin titi wajen masu sayar da shuke-shuke, ya cika bayan mota. Rabi sun mutu kafin Gusau. Ciyawar da ya shimfiɗa a farfajiya ta sha tankin ruwa ta kuma mutu da ƙishirwa. Cikin duk kayan abu biyu suka rayu. Ɗaya furen nan ne mai ƙaya da ke hawa katanga, bugenbiliya, wanda ya fi yin fure idan an ɗan yi masa rowar ruwa, kuma yaron gidan ya iya wannan. Ɗayan kuwa wata guntuwar bishiya ce mai kumburarren gindi da jan fure, wadda aka ce masa daga waje ake kawo ta, ya biya kuɗi masu kauri. Yana nuna wa baƙi ita da alfahari, har ranar da wani Bafillace mai kawo masa nono ya tsaya ya ƙare mata kallo.

"Alhaji, kariya ka shuka cikin tukunya?"

Ita ce kuwa. Kariyar da ke tsaye a dajin Sahel tun kaka da kakanni, tana fure da rani ba ganye, ƙaronta dafi ne, dabba ba ta kula ta. Masu furanni a Turai da Asiya suna kiwonta a tukwane suna sayarwa da daraja. A ganina Alhaji bai yi asara ba, fure ne mai kyau kuma ya san ƙasar. Hanyar da ya bi ya samo shi ce ta yi nisa.

A ƙofar wannan gida ne ake samun mashawarci, wanda bai taɓa dasa ko tsinke ba amma babu shukar da ba shi da fatawa a kanta. Ya ga fure ya ce, "Ci ake yi?" Ya ga gwanda ya ce namiji ce. Ya ga mangwaro ya ce sai jikoki. Idan abu ya mutu ya ce dama ya faɗa, idan ya rayu ya aiko yaro da kwano.

Akwai kuma nau'in da sai a bakin iyaka ake samunsa. Shi a wurinsa duk abin da ya fito daga tsallake ya fi albarka. Ya hau kabu-kabu zuwa Konni, ya dawo da iri ƙunshe a takardar siminti, ya ce na dala kaza ne, kuma asalin na Galmi ne. Sunan ba na wasa ba ne. Jar albasar Galmi, garin da ke gabas da Konni a kan hanyar Maraɗi, ta kai har kasuwannin Abijan da Accra, kuma manoman Gada da Goronyo da Wurno ba sa raina ta. Amma albasa aiki ce: wajen mako shida a gadon yafi, a cire a dasa, sannan wata uku zuwa huɗu ana ban ruwa da cire ciyawa. Mutuminmu ya watsa nasa a bayan ɗaki ya tafi harkar canji. Da aka rufe iyaka a Agustan 2019 sai ya samu abin da ya fi taki amfani, wato uzuri. Har aka buɗe a Disambar 2020 yana cewa rufe boda ne ya kashe masa lambu. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, uzurin ya sake tohowa, shi kaɗai ne abin da ya taɓa yi masa yabanya sau biyu. Takwaransa yana can Konni, yana rantsuwa cewa ba don takin Najeriya ya yi wuyar samu ba da yanzu ya gaji da tsinka.

Duk wannan hidima Inna tana ɗakinta na ƙurya ba ta ce komai ba. Ita ba ta da lambu, in ka tambaye ta. Abin da take da shi zogale uku ne a bakin rariya, inda ruwan alwala da na wankin hatsi ke bi, da kurmin lalle jikin katanga, da sure a fasasshen tulu. Zogalen ma reshe ta karɓo a gidan suna ta soke a ƙasa, da ya kai ƙirji ta karya kansa don ya yi rassa ya bar tseren sama. Gara ta taso ta barbaɗa toka, tsutsa ta zo ta jiƙa ganyen dogon yaro ta yayyafa. Ta kewaye komai da ƙaya tun kafin ya tsiro. Kada dai a ɗauka waliyiya ce. Inna ta san adadin rassanta, kuma jikan da ya tsinki ganye ba izini zai ji tarihin uwarsa tun daga ranar da aka kawo ta gidan. Kwaɗon zogalen da take sayarwa da hantsi ba bashi, ko ga ɗan da ta haifa.

Ƙayar nan ta Inna ita ce abin da na ƙarshensu, mai ƙara, ya raina. Shi ya yi komai daidai, ya shuka a kan lokaci, ya huda tukwane, ya bar taki ya huce. Darni kawai ya ce sai wani satin, kara ya yi tsada. Alayyafonsa ya tashi gwanin sha'awa, latas ya buɗe, har ya ɗauki hoto ya sa a WhatsApp. Jar akuyar Sakkwato kuwa, wadda fatarta ta ratsa Sahara ta yi suna a Turai da sunan fatar Maroko, ba a banza ta rayu a ƙasar da ciyawa ke ƙarewa tun Disamba ba. Tana hango kore ta kafar ƙofa. Kafin a idar da sallar azahar aikin wata biyu ya koma kututture.

Ya kama ta, ya ɗaure, ya ja ta har zauren mai unguwa, yara na biye.

"Ranka shi daɗe, a bi mini hakkina. Akuyar ga ta cinye mini lambu."

"Subhanallahi. Ta ina ta ƙetare darnin?"

Mai ƙara ya yi shiru. Dattawan zaure suka tuna masa abin da kowa ya sani: da damina ake ɗaure dabbobi, mai dabba ya biya ɓarna. Da an kawar da amfanin gona an sake su, tsaron shuka ya koma wuyan mai shuka. Ya ce shi bai yarda ba, a nemo mai ita, ko Illela ne zai je. Aka sa yaro ya zaga unguwa da cigiya. Ba a jima ba yaron ya dawo tare da ɗiyar mai ƙarar, ta durƙusa ta gaida mutane.

"Baba, Inna tac ce a sako mata akuyarta. Jiya ta saye ta da kuɗin adashi, kuma wai igiyar ma ta shanyarta ce."