Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Kwamfutar Ƙarƙashin Tebur

Ranki ya daɗe,

Da fatan fankarki tana juyawa lafiya, ina neman izinin shigar da ƙara. Ke ce wadda ake ƙara, kuma ke ce alƙaliya, don babu kotun da za ta saurare ni a kan wannan magana ba tare da an yi mini dariya ba.

Jiya da daddare aka ɗauke wuta. Yaron shago ya zare wayoyinki kaf, gudun kada ta dawo da ƙarfi ta babbake ki. Alheri ya yi miki. Da safe ya mayar da kowace waya, sai dai wayoyin USB guda biyu sun yi musayar rami. Iyakar laifin ke nan. Wani dattijo ya zo sayen maganin hawan jini, ya kai yatsa kan allon da ke fuskantar masu saye don ya amince da kuɗin, sai ga allona ni, a nan bayan kanta, ya share lissafin da na gama haɗawa. Nasa allon ko gezau. Ya sake dannawa da ƙarfi, wannan karon da babban yatsa, sai littafin masu bashi ya buɗe a gabana. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, injin naka ba ya jin hannun tsofaffi ne?" Ji kam yana ji, Baba, a wani wurin yake amsawa.

Hajiya, na san uzurinki, don haka kada ki wahalar da kanki. Allon taɓawa irin nawa da wayoyi biyu yake zuwa. Hoto yana fita daga cikinki ta HDMI ko DisplayPort, ko ta tsohuwar VGA mai shuɗin kai da ake ja tun 1987. Taɓawa kuma tana komowa gare ki ta USB. Hanyar fita daban, ta shigowa daban, ke kuwa ba ki taɓa damuwa ki gane cewa na jiki ɗaya ne ba. Idan abin ya rikice miki, sai ki kwashe duk taɓawar duniya ki kai wa allo na ɗaya, ɗan lelenki, na biyu kuwa ya zauna agola, ana shafa shi wani yana amsa gaisuwar. Da kuɗi ɗaya na saye su, rana ɗaya, kamfani ɗaya. To, kamar tasu ma ita ce ta ƙara dagula ki, tunda ba ki da abin shaida su sai ramin da aka cusa su.

Kin iya lissafi sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, an ce. Kin haddace kalmar sirrin intanet ɗin maƙwabcinmu da ya tashi tun bara. Amma ki tuna wane yatsa ne na wane allo, wannan ya fi ƙarfinki?

Kuma ina kika ɓoye maganin? Ba a cikin sabon shafin saituna mai ƙyalƙyali ba, inda duk mai hankali zai fara leƙawa. Sai mutum ya gangara tsohon Control Panel, ya lalubo wani lungu mai suna Tablet PC Settings, gadon kwamfutocin alƙalami da aka yi yayinsu tun 2002, ya danna Setup. Nan alluna su yi fari fat, rubutu ya fito a kan ɗaya yana cewa idan wannan ne allon taɓawar, a taɓa shi, idan ba shi ba ne a danna Enter a wuce na gaba. Enter fa! Na sayi allon taɓawa don in raba kanta da kibod, ga ni tsugune ina zaro kibod daga cikin kwalin sirinji, ina hure masa ƙura, don in gabatar miki da 'ya'yanki ɗaya bayan ɗaya. Wallahi wannan rainin hankali ne. Kuma ba a gamawa, gobe wani ya taɓa waya, a dawo sabo.

Ba zan tsawaita a kan wayar USB da ke fara shirme da zarar ta wuce mita 5 ba. Haka nan kibod ɗin kan allo da ke fitowa a gaban mai saye alhali ni ne ke son rubutu. Ko yadda nake tsakiyar shigar da suna, mai saye ya taɓa nasa allon, ki watsar da ni ki koma kansa.

Abin da nake roƙo kaɗan ne: ki riƙe abin da aka nuna miki. Kafin ki yi shawara, na manna farin salatif a kan wayoyin da ramukansu, na rubuta 1 da 2 da baƙar maka, na kuma gaya wa yaro cewa duk ranar da aka sake ɗauke wuta, soket kawai zai kashe, kada ya kusanci bayanki. Allo na uku da nake shirin sayowa don sito kuwa, na fasa har sai na ga halinki.

Naki cikin ladabin dole,
Mai kantin magani da ke zaune a samanki