Mutanen Gwanjon Tsoffin Sulalla

A gwanjon tsoffin sulalla na intanet babu mai cewa "albarka", babu mai cewa "na sallama". Agogo ne dillali, lokaci na cika kaya ya zama na wanda tayinsa ya fi. Kayan kuwa hoto ne kawai. Ba ka ɗaga shi ka ji nauyi, ba ka jefa shi a siminti ka saurari kukan azurfa. Shi ya sa kasuwar ta tara mutanenta.

Kan gaba akwai Magajin Kaka. Kakansa ya rasu ya bar wani akwati, shi kuma bawan Allah bai san kan waɗannan abubuwa ba, so yake kawai ya rabu da su. Hoton dishi-dishi ne, wai wayarsa ce ta tsufa. A cikin akwatin, ikon Allah, sai ga dalar Amurka mai shekarar 1804. Waɗanda aka sani na gaske a duk duniya ba su kai 20 ba. Ba ma a 1804 aka buga su ba, sai daga 1834, domin kai wa sarakuna tsaraba, irin su Sarkin Siyam da Sarkin Maskat. Ta Sarkin Maskat ɗin an sayar da ita a 2021 kan dala miliyan 7.68. Amma kakan mutuminmu ya bar guda biyar, kuma idan ka leƙa shagonsa mako mai zuwa, za ka tarar tsohon ya sake rasuwa.

Abokin burminsa shi ne Mai Tsintar Dami a Kala, kuma a ganina shi ne ginshiƙin kasuwar. Wannan ba wawa ba ne, ya yi karatu, ya san darajar dalar 1804 sarai. Abin da ya gani maraya ne marar wayo zai yi asara, shi kuma ya zo ya taimaka masa ya yi ta. Ba ya tambaya, kada ya farkar da mai kaya. Ba ya shawara da kowa, kada a riga shi. Yana biyan dala 200 hannunsa na rawa, ya kwana yana rabon miliyoyi: gida, mota, kujerar Makka ga surukai. Ranar da gaskiya ta fito ba ya iya kai ƙara da ƙarfi, domin sai ya fara bayanin abin da shi ya yi niyya.

Tsakaninsu akwai Ɗan Ingiza, wanda ke ƙara dala biyar duk sanda tayi ya tsaya. Bai taɓa cin gwanjo ba, bai taɓa yin tayi a shagon wani ba. Yawanci ƙanin mai kaya ne, ko kuma mai kayan ne da kansa a waya ta biyu.

Sai Malam Sikeli, mai yawo da ƙaramin ma'auni da maganaɗisu a aljihu. Wannan ina ganin girmansa. Ya san dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan, in ta gaske ce, giram 26.73 ce. Ya san a 1943 Amurka ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe saboda yaƙi ya cinye jan ƙarfe, 'yan kaɗan ne suka fito da tagulla bisa kuskure, don haka duk "kwabon tagulla na 1943" da ya manne wa maganaɗisu shafe aka yi masa. Matsalarsa ita ce masu jabu ma sun karanta littafin da ya karanta. Sai su ɗauki na 1948, wanda dama tagulla ne, su kankare gefen 8 ta koma 3. Zinariya kuma su cusa mata tangistin a ciki, ƙarfen da nauyinsa ya yi kusan daidai da nata. Sannan duk wannan gwaji sai kaya ya iso, bayan kuɗi ya tafi.

Bawan Roba ba ya kallon sule ko kaɗan. Tun da kamfanonin tantancewa irin su PCGS a 1986 da NGC a 1987 suka fara rufe sulalla a cikin ƙwanson roba mai lamba, shi ƙwanson yake saya. Ya duba lamba, ta yi daidai, ya yi hamdala. Bai tsaya ya gwada hoton da kamfani ya ajiye da abin da ke gabansa ba, alhali wanda ya iya ƙera dala, roba da lamba ba za su gagare shi ba.

Mu ma a nan gida muna da namu, kuma nasa salon ya fi daɗi: kayansa na gaske ne, labarin ne jabu. Ya samo liyari a kayan goggo, azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, ya ga 1780, ya buga lissafi ya ce ya haura shekara 240. Bai san tun rasuwarta a wannan shekara ake ta buga shi da 1780 ɗin ba, miliyoyi a kan miliyoyi. Haka yake yi da kwabo mai huji na 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas. Sarkin bai cika shekara a gadon sarauta ba, gaskiya ne, amma kwabon an zuba shi a Afirka ta Yamma da yawan gaske. Kafin ya ɗauki hoto kuma sai ya dirje shi da toka da lemon tsami don ya yi ƙyalli, ya kankare ɗan darajar da ta rage.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Mai Tara Jabu da gangan. A shekarun 1950 wani Francis Henning na jihar New Jersey ya buga kwabbai na senti biyar masu shekarar 1944, ya manta da babban harafin gidan buga kuɗi da ke bayan na wannan shekara, aka kama shi a 1955. Yau jabun Henning ya ninka senti biyar sau ɗaruruwa a gwanjo. Mutuminmu yana yin tayi, yana ƙura wa hoto ido, yana aika wa mai kaya tambayoyi har tsakar dare, duk don fargabar kada wani macuci ya turo masa na gaske.